GANSAKUKAR DUSAR ƘANƘARA: YANAYIN HALITTARTA DA DABARUNTA NA JURE SANYI

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayanin wata irin gansakuka wadda mazauninta shi ne dusar ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsu, kamar su Alps a Turai da Himalaya a Asiya da Siyera Nebada a Kalifoniya. Za mu duba ƙirarta, da yadda take jure sanyi da hasken rana, sa'an nan da tasirinta ga narkewar ƙanƙara.

2.0 Tarihin Nazarinta

Tun zamanin Aristotal na Girka aka san cewa dusar ƙanƙara takan yi ja a wasu wurare. A shekarar 1818 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, John Ross, ya ga irin wannan jar ƙanƙara a gaɓar Girinlan, ya ɗebo ruwanta ya kai Ingila. Daga baya masana suka tabbatar cewa tsiro ne ke kawo launin, suka daɗe suna kiransa Chlamydomonas nivalis. A 1819 ma wani masani ya ɗauka naman gwari ne. Sai a 2019, bayan nazarin ƙwayoyin gado, aka keɓe masa sabon suna, Sanguina nivaloides.

3.0 Ƙira da Zagayen Rayuwa

Wannan tsiro ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. Asalinta daga dangin koriyar gansakuka take, domin haka tana haɗa abincinta da hasken rana da ruwa da iskar kabon, kamar sauran tsirrai. Ba cikin daskararren abu take rayuwa ba, a'a, cikin ɗan siririn ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin ƙanƙara ne yayin da suka fara narkewa, inda awon zafi yake dab da sifiri.

Lokacin hunturu takan kwanta a ƙasa cikin kauraren ɓawo. Idan bazara ta zo, ruwa ya tsattsafo, ire-irenta da dama sukan fito da gashi biyu su yi iyo zuwa sama inda haske yake. A can sai su yar da gashin, su sake yin ɓawo, su yi ja.

4.0 Dabarun Jurewa

Matsala ta farko ita ce sanyi. Kamar yadda man shanu ke daskarewa da hunturu amma man gyaɗa ya zauna ruwa-ruwa, haka fatar ƙwayar halitta ke sandarewa ko ta yi laushi gwargwadon irin maiƙon da ke cikinta. Gansakukar ƙanƙara tana tara maiƙo mai wuyar daskarewa, domin fatarta ta ci gaba da shigar da abinci. Wasu ire-irenta kuma suna fitar da furotin mai manne wa ƙanƙara, ya hana ta girma har ta huda ƙwayar.

Matsala ta biyu ita ce yawan haske. A kan tsauni hasken rana mai ƙona fata ya fi ƙarfi, ga shi farar ƙanƙara tana maido shi. Maganin wannan shi ne jan sinadarin nan astazantin, ɗan'uwan wanda ke ba karas launinsa. Yakan lulluɓe koren sashen ƙwayar kamar laima.

5.0 Tasirinta ga Narkewar Ƙanƙara

Abin da ya ceci tsiron shi ne ke cinye mazauninsa. Jar ƙanƙara ta fi fara shan zafin rana, saboda haka ta fi saurin narkewa. Ruwan da ya samu kuwa sai ya ƙara wa gansakukar yaɗuwa. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan yankin Atik ya nuna tana rage ƙarfin maido haske da kimanin kashi 13 cikin ɗari a tsawon lokacin narkewa. Muhimmancin wannan a fili yake, tun da yake koguna irin su Indus da Ron suna samun ruwa mai yawa daga ƙanƙarar duwatsu, noman jama'a masu ɗimbin yawa kuma ya dogara a kansu.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa sanyi bai hana wannan tsiro rayuwa ba. Shawararmu ga masu ƙididdigar sauyin yanayi ita ce su riƙa sa shi cikin lissafinsu, ga malaman kimiyyar halittu kuma su kawo shi a darasin dacewar halitta da mazauninta, kusa da misalin tsirran hamada.