Amfilifayar Class D: Yadda Muka Haɗa Wadda Ba Ta Shanye Batir

Yau maganar lantarki za mu yi, amma kada wanda bai karanta kimiyya ba ya gudu, ni ma ba injiniya ba ne.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya mun tashi daga Kankiya zuwa wani ƙauye a yankin Kusada domin taron wayar da kai kan yankar katin zaɓe. Mun ari amfilifaya, mun ɗauko batir cike da caji. Ana tsaka da jawabi murya ta fara shaƙewa, can sai ɗif. Na taɓa bayan amfilifayar, wallahi kamar dutsen guga. Matan da ke sauraro daga cikin gidaje ba su ji sauran bayanin ba, alhali domin su muka je. Daga ranar na fara tambayar kaina: ina wutar batirin nan ta tafi?

Amsar ita ce, ta zama zafi. Yawancin tsofaffin amfilifayoyin da ke masallatanmu da wajen masu haya, irin da ake kira Class AB ne. Taransistocinsu kullum rabi a buɗe suke, rabi a rufe. Kamar mai babur ne da ya murɗe totur, sannan yake daidaita gudu da birki. Zai tafi, amma mai na ƙonewa, birki na zafi. Ko a lissafin takarda, irin wannan ba ta wuce mayar da kusan kashi 78 cikin 100 na wutar zuwa sauti, a aikace kuwa sau da yawa rabi ne ko ƙasa da haka.

Class D dabararta daban ce. Taransistocinta makunni ne kawai: ko a kunne gaba ɗaya, ko a kashe gaba ɗaya. Makunnin da ke kashe wuta ba ta bi ta cikinsa, wanda ke kunne kuma ba ya tare ta, saboda haka zafi kaɗan ne. To ta yaya kunnawa da kashewa za su zama murya? Da sauri. Tana yin haka sau dubu ɗari-ɗari a daƙiƙa ɗaya, kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa wajen dubu 20. Idan igiyar sautin ta yi sama, lokacin kunnawa ya fi tsawo. Idan ta yi ƙasa, ya gajarta. A ƙarshe sai a bi da wutar ta cikin naɗaɗɗiyar waya da kafasita, su tace wannan ƙyaftawar, a bar tsantsar sauti ya tafi lasifika. Da haka take kaiwa wajen kashi 90 cikin 100.

Kuma ba sabon abu ba ne fa. Tun 1964 kamfanin Sinclair a Ingila ya sayar da wata mai suna X-10, wadda mutum ke saya ya haɗa da kansa a gida. Ba ta yi ƙarfin kirki ba a lokacin. Yau kuwa duk aikin an cusa shi cikin IC ɗaya da bai kai farcen babban yatsa ba.

Mu zo kan abin da muka haɗa. Ba mu ƙera IC ba, kada a yi mana ƙari. Wani abokina mai gyaran rediyo ya sayo mana kayan a kasuwar Sabon Gari ta Kano: ɗan allo mai IC ɗin TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments, wanda ke aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. Ƙaramin allo na ƙara ƙarfin makirufo, domin muryar makirufo ita kaɗai ba ta isa ta motsa babban allon ba. Fiyus, makunni, waya, da batir mai bolt 12 irin na UPS. Akwatin kuwa kafinta ya buga mana, muka huda shi don iska.

Abubuwa 4 nake so ku riƙe.

Na farko, kada lambar da aka rubuta a jikin kwali ta ruɗe ku. Wat 50 a kowane ɓangare da ake faɗa, sai an ba shi wajen bolt 21 da lasifika mai om 4. A kan bolt 12, lissafi ba ya ba ka fiye da wat 18, idan lasifikar mai om 8 ce kuma rabin haka. Amma ga lasifikar masallaci mai baki kamar kakaki, wannan ya isa ya cika dandali.

Na biyu, ka gwada wayoyin batir da mita kafin ka jona. Ja zuwa alamar tarawa, baƙa zuwa alamar ɗebewa, fiyus kusa da batir. Allonmu na farko a nan ya mutu, ni na juya wayar da hannuna.

Na uku, wayoyin lasifika biyun nan duka masu rai ne. Kada ka haɗa baƙar wayar lasifika da baƙar ta batir, kada kuma ka haɗa ta lasifikar hagu da ta dama, yadda aka saba a wasu tsofaffin rediyoyi.

Na huɗu, saurin kunnawar nan na iya shiga rediyo, musamman gajeren zango. Ka murɗe wayoyin lasifika tare, kada su yi tsawo ba dalili, in ba haka ba baba mai sauraron labaran asuba zai yi fushi da kai.

Yanzu lissafin batir. Mai bolt 12 da 7Ah yana ɗauke da wat-awa 84, kuma ba a son a sha fiye da rabi in ana son ya daɗe, wato 42. A ce wat 10 na sauti kake fitarwa. Mai ɓarnar rabi za ta ja wat 20, awa 2 ke nan. Class D za ta ja kamar 11, kusan awa 4. Batir ɗaya, aiki ninki biyu. Ga wanda ke dogara da ɗan farantin sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mun koma ƙauyen nan da akwatinmu, aka yi taro har aka shafa fatiha murya ba ta sauka ba. Liman ya tambaye mu ko za mu haɗa wa masallacinsu irinta, domin kiran sallar asuba yakan gagara in batir ya kwana ba caji. Yanzu ƙannenmu biyu ne ke haɗa ta, mu muna gefe muna duba musu.

Wanda zai gwada, ya fara da ƙaramin allon PAM8403 mai bolt 5, wanda cajar waya ma ke tayarwa, in ya ƙone asarar kaɗan ce. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa.