Kwana 31 ba ta faɗa wa kowa ba: hukuncin Casey Anthony da Amurkawa suka kasa haɗiyewa

Ranar 5 ga watan Yuli na 2011, jama'a sun cika harabar kotun birnin Orlando da ke jihar Florida a Amurka, wasu tun da asuba, suna jiran jin makomar Casey Anthony, matashiya mai shekara 25 da ake tuhuma da kashe ɗiyarta Caylee. Da aka karanta cewa ba a same ta da laifin kisa ba, wuri ya kaure da ihu. Wasu mata suka fashe da kuka, wasu suka ɗaga kwalaye suna neman a bi wa yarinyar haƙƙinta.

Caylee tana da shekara biyu lokacin da aka yi mata ganin ƙarshe, ranar 16 ga Yunin 2008. Uwar ba ta kai rahoto wurin ƴan sanda ba, ba ta kuma gaya wa iyayenta gaskiya ba. Sai ranar 15 ga Yuli kakar yarinyar ta buga wa ƴan sanda waya, ta ce ba ta ga jikarta ba wata guda, kuma motar ɗiyarta na warin gawa. A cikin waɗannan kwanaki an ɗauki hotunan Casey tana rawa a gidajen shagali, har ta yi zane a kafaɗarta da kalmomin Italiyanci masu nufin "rayuwa mai daɗi". Da aka tambaye ta, ta ce mai reno ce ta gudu da yarinyar. Bincike ya nuna babu wata mai reno. Ta ce tana aiki a Universal Studios, ta ja ƴan sanda har cikin ginin, kafin ta amsa cewa ba ta aiki a wurin.

An tsinci ƙasusuwan Caylee ranar 11 ga Disamba na 2008 a wani kurmi kusa da gidansu, cikin leda, da salatif a jikin ƙoƙon kanta.

To, da irin wannan tarin ƙarya, yaya aka yi ta kuɓuta? Amsar tana cikin ƙasusuwan nan. Wata shida a cikin zafi da ruwan Florida sun cinye duk abin da likita zai duba. Likitar da ta yi binciken ta rubuta cewa kisa ne, amma ba ta iya tantance ta wace hanya ba. Masu gabatar da ƙara, waɗanda suka nemi a yanke hukuncin kisa, sun ce Casey ta shaƙa wa yarinyar sinadarin kulorofom sannan ta toshe mata baki da hanci. Lauyanta Jose Baez kuwa ya ce yarinyar ta nutse ne a wurin ninƙaya na gidan, aka ɓoye maganar saboda tsoro. Bai kawo hujjar da ta tabbatar da haka ba, kuma doka ba ta ɗora masa wannan nauyi ba: a kotun Amurka, mai ƙara ne zai kawar da shakka.

Mutum 12 da ke taya alƙali yanke hukunci, waɗanda aka ɗauko daga wata gunduma saboda labarin ya riga ya game Orlando, sun yi ƙasa da awa 11 suna shawara. Suka wanke ta daga kisan kai, da cin zarafin yarinya, da kisa ta hanyar sakaci. Laifin yi wa ƴan sanda ƙarya sau huɗu kawai suka kama ta da shi. Alƙali Belvin Perry ya yanke mata shekara huɗu, amma da aka cire zaman da ta riga ta yi a tsare, ranar 17 ga Yuli ta fita.

Fushin ya koma kan mutanen nan 12. Wani gidan abinci a yankinsu ya manna takarda cewa ba ya maraba da su. Alƙalin ya jinkirta bayyana sunayensu har zuwa Oktoba don gudun kada a far musu. Ɗaya daga cikinsu ta shaida wa tashar ABC cewa su ba su ce Casey ba ta da hannu ba, hujja ce ba ta kai ba. Ba kowa ya saurare ta ba. An nuna shari'ar kai tsaye a talabijin na kusan mako shida, mai gabatar da shiri Nancy Grace ta tashar HLN ta daɗe tana caccakar uwar, kuma a Facebook da Twitter an gama yanke hukunci tun kafin a kira shaida na farko.

A gaskiya, abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne shirun kwana 31, domin a lokacin babu dokar Florida da ta ce laifi ne uwa ta yi shiru bayan ɗanta ya ɓata. Cikin ƴan kwanaki sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a shafin Change.org, suna neman a kafa "Dokar Caylee". Jihohi da dama sun yi dokoki iri-iri a kan haka: wasu sun wajabta kai rahoton ɓatan yaro cikin ƙayyadadden lokaci, Florida kuma a 2012 ta tsananta hukuncin yi wa ƴan sanda ƙarya a binciken ɓatan yaro. Wannan ya shafi duk mai renon yara a can, har da ƴan uwanmu da ke zaune Amurka, waɗanda suka saba fara neman yaro a gidajen dangi da maƙwabta kafin su tuna da hukuma. Lauyoyi da dama sun soki dokokin, suna cewa za su iya faɗawa kan iyayen da firgici ya ruɗe, ba masu mugun nufi ba.

Ita kuwa Casey, tsarin mulkin Amurka ya hana a sake gurfanar da ita kan tuhumar da aka wanke ta. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke biyu daga cikin laifuffukan ƙarya huɗun. A 2022 ta fito a wani shiri na Peacock tana ɗora laifin kan mahaifinta, wanda ya sha musanta hannu a lamarin kuma ba a taɓa tuhumarsa ba. Har yau babu wanda kotu ta kama da laifin mutuwar Caylee.