Gyambo a Ƙafa Ba Ya Hana Wasa a Keken Guragu, Idan An Bi Ƙa'ida

A ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, wasu mutum 16, maza 14 da mata biyu, suka yi gasar harbin kibiya bisa kekunan guragu a harabar asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Wanda ya haɗa gasar shi ne Dakta Ludwig Guttmann, likitan jijiyoyi Bayahude da ya tsere daga Jamus a 1939, aka kuma damƙa masa sashen masu raunin laka a 1944. Daga wannan ƙaramin taro aka kai ga gasar nakasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960, inda 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka fafata.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin Guttmann ya miƙa wa kowa baka, da gyambon kwanciya ya fara yaƙi. A zamaninsa, wanda lakarsa ta tsinke ba ya daɗewa a duniya, kuma abu biyu ne ke kashe yawancinsu: gyambo da ciwon mafitsara. Sai ya kafa doka cewa a riƙa juya kowane majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana. Ashe kula da fata da motsa jiki a ɗaki ɗaya suka tashi, a hannun likita ɗaya. Wanda gyambo ya fito masa a ƙafa yau, yake kuma sha'awar shiga wasa, sai ya riƙe su tare.

Yadda gyambon ke samuwa ba ɓoyayye ba ne. Duk inda ƙashi ya danne fata a kan katifa ko takalmi ko ƙarfen keke, ƙananan hanyoyin jini na wurin sukan toshe, naman ya rasa iska da abinci, ya fara mutuwa. Mai lafiya yakan ji zafi ya gyara zama ko a cikin barci. Wanda raunin laka ko ciwon suga ya ɗauke masa ji ba ya samun wannan gargaɗi. Diddige na cikin wuraren da suka fi kamuwa, domin ƙashi ne babba da fata 'yar kaɗan a kansa. Haka ma idon sawu da gefen ƙafa da kan yatsu. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu: na farko fata ta sauya launi ba ta fashe ba, na biyu ta yi bororo ko ta sale, na uku rami ya kai ga kitse, na huɗu ya kai ga tsoka ko ƙashi. A baƙar fata, matakin farko ba lallai ya nuna ja ba. Wurin kan ƙara duhu ne, ko ya yi sheƙi, ko ya fi kewayensa ɗumi ko tauri. Don haka ido kaɗai ba ya isa, sai an sa hannu an taɓa.

To, mai irin wannan ciwo zai iya wasa? Amsar tana ga inda gyambon yake da kuma zurfinsa. Idan a mazaunai ne, zama kansa ne ke ƙara shi, dole a haƙura har ya rufe. Na ƙafa kuwa daban yake: mutum na iya zama ya yi aiki da hannuwa da kafaɗu, muddin wurin ciwon bai taɓa komai ba, kuma likita ya amince. Amfanin a bayyane yake. Motsa jiki na gyara gudun jini, yana buɗe cin abinci, yana ƙarfafa damatsa ta yadda mutum zai ɗaga jikinsa daga gado zuwa keke ba tare da jan ƙafa a ƙasa ba. Uwa uba, yana fitar da shi daga ɗakin da kaɗaici ke cinye zuciya, ya haɗa shi da waɗanda suka riga shi shiga wannan hali.

Sannu ba ta hana zuwa. Wasannin da babu karo a cikinsu su ne na farawa: harbin kibiya, ƙwallon tebur, ɗaga ƙarfe a kwance, ko tura keke a fili mai santsi. Ƙwallon kwando ya dakata tukuna, domin 'yan wasa biyar-biyar ne ke gwabzawa, kuma gaban keke, inda ƙafafu suke, shi ke fara cin karo. Keken tsere ma kan sa a naɗe ƙafafu a ƙarƙashin jiki, abin da ke matse su. Iyo kuwa sai ciwo ya rufe ruf.

A dubi yadda mai lura ke shirin fita atisaye. Zai tabbatar bandeji sabo ne kuma busasshe. Zai zura hannu cikin takalmi ya laluba ko akwai tsakuwa ko ɗinki mai kauri, takalmin kuma ya fi ƙafarsa girma kaɗan, domin ƙafar da ke reto takan kumbura. Zai ɗaure igiyar da ke riƙe ƙafa nesa da ciwon, ya bar wurin da yatsa zai shiga. A ƙasa mai zafin rana kamar tamu, zai taɓa ƙarfen matakin ƙafa kafin ya ɗora sawu, don ƙarfen da ya sha rana na ƙona fatar da ba ta ji. Yana cikin wasa, duk bayan minti 15 zuwa 30 zai ɗaga jiki ko ya karkata. Da ya dawo sai ya cire safa, ya duba diddige da madubi, ya miƙe ƙafafu bisa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa, diddigen na lilo a iska. Duk tabon da bai baje ba bayan rabin awa, alama ce ta a dakata.

Akwai abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya amma suna ɓata ciwo. Kada a murza wurin da ya sauya launi. Kada a ɗora diddige bisa gammo, domin yana matse kewayen ya hana jini shiga. Kada a ɓanɓare baƙin ɓawon da ya bushe a kai, wannan hukuncin likita ne. Idan aka ga mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, ko kumburi na yaɗuwa, a garzaya asibiti, don ƙwayar cuta na iya shiga ƙashi ko jini. Wanda rauninsa ke saman ƙashin baya, idan kansa ya sara farat ɗaya tare da gumi, ya san jininsa na iya hawa saboda wani abu da ke matsa ƙafar. A zaunar da shi a miƙe, a kwance duk abin da ya matse, a nemi taimako nan take. Sannan nama ba ya tofowa da yunwa: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono da isasshen ruwa na cikin magani, taba kuwa na jinkirta warkewa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Nijeriya ta fara zuwa gasar nakasassu ta duniya a Basalona a 1992, kuma Lucy Ejike, wadda shan inna ya zaunar a keke, ta ciyo zinare a ɗaga ƙarfe a 2004 da 2008 da 2016. Sai dai mai shan inna yana jin ƙafarsa, mai raunin laka sau da yawa ba ya ji, don haka mai horarwa bai kamata ya yi musu awo da mudu ɗaya ba.

Kirana ga iyalai shi ne kada tausayi ya sa ku tsare ɗan'uwanku a ɗaki. Ku kai shi ga likita da masu gashin ƙashi, ku tambaye su wane wasa ya dace da ciwonsa. Asibitocin ƙashi da hukumomin wasanni na jihohi kuma su haɗa hannu, ta yadda duk wanda aka sallama da keke za a nuna masa yadda zai duba fatarsa, a kuma nuna masa filin da zai je.