Usur, allo da abokin iyo: Yadda mako ke tafiya a sansanin 'yan sikawut na Amurka

Tun daga watan Yuni har zuwa farkon Agusta, da zarar an rufe makarantu a Amurka, yara 'yan shekara 11 zuwa 17 kan ɗauki jakunkunansu su nufi sansanonin 'yan sikawut da ke cikin dazuzzuka da bakin tafkuna. Al'adar ta samo asali ne daga tsibirin Brownsea na Ingila, inda Robert Baden-Powell ya tara yara 20 a watan Agustan 1907. A Amurka kuwa, sansanin Owasippe na Jihar Michigan, wanda aka kafa a 1911 domin yaran Chicago, yana nan yana karɓar baƙi har gobe.

Galibi ana isowa ranar Lahadi a tashi Asabar. Yara biyu ke kwana a tanti ɗaya, ƙaho ke tashin su da sassafe, a ɗaga tuta, a karya kumallo, sannan kowa ya nufi ajin da ya zaɓa: ɗaurin igiya, taimakon gaggawa, harbin kibiya ko karatun taswira. Akwai jadawalin wanke-wanke da shara, ɗan attajiri da ɗan leburan masana'anta duk layi ɗaya suke bi. Da dare a hura wuta a kewaye ta.

Amma zuciyar sansanin tana bakin ruwa, kuma a nan ne wasa ke ƙarewa. Ranar isowa, bayan duba takardar lafiya, sai gwajin iyo. Yaro zai dira da ƙafafu cikin ruwan da ya fi ƙarfin tsayinsa, ya yi yadi 75 da ƙarfi, ya ƙara yadi 25 a rigingine cikin natsuwa, ba tare da tsayawa ba, sannan ya kwanta a kan ruwa ya huta. Wanda ya iya wannan shi ne gwani. Wanda ya yi ƙafa 25 ya juyo ya dawo, ɗan koyo ne. Saura kuwa iyakarsu inda ruwa bai wuce ƙirji ba. An raba wurin gida uku da igiyoyi, kuma ba a karɓar shaidar uba cewa ɗansa kifi ne.

Kowane yaro yana da ɗan faifai mai ɗauke da sunansa. Jan launi a sama alamar ɗan koyo, in an ƙara shuɗi a ƙasa ya zama na gwani. Ba mai taɓa ruwa sai da abokin iyo, su rataya faifansu tare a jikin allon da ke ƙofar shiga. Kusan kowane minti goma sai a busa usur, kowa ya kamo hannun abokinsa ya ɗaga sama kafin a ƙirga goma, a lissafa kawuna a gwada da abin da allo ya nuna. Ƙa'ida ita ce mai ceto ɗaya ga kowane mutum goma, ga kuma wani a wuri mai tudu wanda ba shi da aiki sai kallo. In aka ji tsawa, kowa ya fito, sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Mai karatu zai iya ganin abin ya yi yawa. A ganina bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma mai nutsewa ba ya cika yin ihu. Shiru yake tafiya, sau da yawa a gaban manya da ke hira. Duk wanda ya taɓa kai yaransa wurin ninkaya na otal a Abuja lokacin dogon hutu ya san yadda kowane babba ke zaton wani ne ke sa ido. Tsarin abokin iyo ya toshe wannan kafa da usur ɗaya da allon katako.

Darasin kwale-kwale ma haka yake. Ko gwani ba ya hawa sai da rigar kariya daga nutsewa. Ana sa yara su kifar da jirgin da gangan, su riƙe shi maimakon su nufi gaɓa, su kwashe ruwan su koma ciki. Wajen ceto kuwa, shiga ruwa shi ne mataki na ƙarshe: a fara miƙa sanda, in bai kai ba a jefa igiya, in ya yi nisa a tura jirgi. Masu ƙarfin zuciya kan yi iyon mil ɗaya, wato kimanin mita 1,600, jirgi na biye da su.

Laifin da ya fi jawo wa yaro kunya shi ne ya fito ya manta faifansa a allo. Nan take za a fitar da kowa daga ruwa, a aika mai gudu zuwa tantinsa, masu ceto su jeru suna lalube ƙasan tafki. Sau da yawa a layin kantin sansani ake samun sa, yana jiran sayen alewa.