Tony Rinaudo: Mutumin da Ya Gano Daji a Ƙarƙashin Ƙasa

Manoman Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun san aikin sassabe: kafin damina a sare sabara da kalgon da suka tofo a gona, a ƙone. Wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya nuna cewa abin da ake ƙonewar nan dukiya ce.

An haife shi a 1957, ya kuma iso Jamhuriyar Nijar a 1981 domin aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi. Yawancin abin da ya dasa, fari da dabbobi suka halaka shi. A 1983 ya lura cewa tsire-tsiren da ake ɗauka ciyayi ne, tohon kututturan da aka sare ne, saiwoyinsu kuwa na nan da rai.

Ga bayanin kimiyya: tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga danshi, tana kuma da ajiyar abinci. Idan aka bar toho masu yawa, sai su yi ta gasa. Idan kuwa aka zaɓi masu ƙarfi kaɗan aka datse sauran, sai su miƙe da saurin da sabon dashe bai iyawa. Wannan dabara ita manoman Nijar ke kira “sassabin zamani”. Wuƙa kawai take buƙata.

Lokacin yunwar 1984 aka yaɗa ta a ƙauyukan Maraɗi. Masana sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Cikinsu har da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Saiwoyinsa kuma na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin.

Rinaudo ya ba da tarihin aikinsa a littafinsa The Forest Underground, ya kuma sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Darasin ya shafi kudancin Katsina, inda saran itace da gawayi ke cin daji, rashin tsaro kuma ya sa shiga daji neman makamashi ya zama kasada. Itacen da ya tashi a gonar mutum yana raba iyalinsa da wannan haɗari. Ya kamata malamai su kai ɗalibai gonar makaranta, su ƙirga kututtura masu rai, su datse, su riƙa auna tsawonsu kowane wata.