Farautar ɓoyayyen akwati: Wasan GPS da ke kai mutane dajin namun dawa

A duwatsun Rocky na yammacin Amurka, akwai mutanen da kan yi sammako, su shafe sa'o'i suna hawan tsauni, domin kawai su nemo wani ɗan akwati da wani ya ɓoye a ƙarƙashin dutse. Idan sun same shi, sai su rubuta sunansu da kwanan wata a littafin da ke ciki, su mayar da shi inda yake. Sunan wannan wasa Geocaching, kuma masu shi sun ce akwatunan da aka ɓoye sun haura miliyan uku a ƙasashe fiye da 190.

Wasan ya samo asali ne daga wani mataki na gwamnati. Kafin watan Mayun 2000, Amurka kan rage ingancin siginar GPS ga farar hula da gangan saboda dalilan tsaro, har na'ura kan yi kuskuren kimanin mita 100. Da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin dakatar da hakan, sai wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ranar 3 ga Mayu, ya wallafa lambobin wurin a intanet don gwada na'urar. Cikin 'yan kwanaki aka gano shi.

Ana auna wuyar isa ga kowane akwati daga mataki na 1 zuwa na 5. Na farko ko mai keken guragu zai iya kaiwa gare shi, na biyar kuwa sai da kayan aiki na musamman, kamar igiyar hawan dutse ko kwale-kwale. Akwatunan tsaunuka galibi suna matakan sama ne.

Babbar matsalar ita ce na'urar tana nuna nisa ne a miƙe. Tana iya cewa saura mita 300, alhali tsakanin mutum da akwatin akwai kwazazzabo ko gangare mai santsi. Haka kuma dogayen bishiyoyi da bangon dutse kan karkatar da sigina, kibiyar ta riƙa yawo. A nan ne mai nema kan bar turbar da aka sani ya kutsa cikin ƙungurmin daji, kansa a sunkuye, idonsa a kan waya, bakinsa shiru. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da jami'an gandun daji ke hana matafiya yi.

Dalilin hanin shi ne beyar, musamman nau'in grizzly da ke jihohin Montana da Wyoming da Idaho. Dabba ce da yawanci kan kauce idan ta ji motsin mutane, amma takan kai hari idan aka yi mata ba-zata, ko tana tare da 'ya'yanta, ko tana gadin mushen da take ci. Gudunta ya wuce kilomita 50 a sa'a, don haka tsere da ita ba dabara ba ce. Hukumar gandun dajin Yellowstone ta umarci baƙi su bar tazarar mita 91 tsakaninsu da beyar ko kyarkeci, da mita 23 ga sauran dabbobi irin su ɓauna. Tana kuma ba da shawarar a yi tafiya mutum uku ko fiye, ana ɗaga murya, a kuma riƙe feshin barkono na korar beyar a inda hannu zai kai da sauri, ba a ƙasan jaka ba.

Dokokin wasan ma sun yi la'akari da dabbobi. An haramta haƙa rami don binne akwati, an kuma hana sanya abinci ko wani abu mai ƙamshi a ciki, domin hancin beyar ya fi na kare kaifi, kuma wadda ta saba samun abinci wajen mutane sau da yawa kashe ta ake yi daga baya. Abin mamaki, bokitin Ulmer na farko akwai gwangwanin wake a cikinsa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani nan take. Idan mutane da yawa suka bi hanya guda zuwa akwati, sai su tattake ciyayi su buɗe sabuwar turba, a tsaunin da tsiro ke ɗaukar shekaru kafin ya farfaɗo. Shi ya sa ba a ajiye akwati a manyan gandun daji na tarayyar Amurka sai da izinin hukuma. Tun daga 2004 aka ɓullo da wani salo mai suna EarthCache, inda babu akwati sam: mutum zai je wurin, ya duba yanayin duwatsu ko ƙasar wurin, ya amsa tambayoyi a kai.

Na'urar GPS tana aiki ko babu sabis na waya, tunda daga tauraron ɗan'adam take karɓar sigina, amma sanyin tsauni na saurin cinye batir. Saboda haka gogaggun 'yan wasan kan sauke taswira tun daga gida, su ɗauki ta takarda, su sanar da wani inda suka nufa, sannan su sauko daga ƙololuwa kafin hadarin la'asar da aka saba gani a duwatsun Rocky lokacin zafi.