Zangon Masu Fasaha: Daga Kigali Zuwa Mardjandafak

A shekarar 1998 wani ɗan Chadi, Nocky Djedanoum, jagoran bikin adabi na Fest'Africa da ake yi a lokacin a birnin Lille na Faransa, ya tara marubutan Afirka kimanin goma ya kai su Kigali. Shekara huɗu ke nan da kisan ƙare-dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a Ruwanda. Abin da ya nema a wurinsu shi ne su zauna wata biyu, su ziyarci wuraren da aka zubar da jinin, su saurari waɗanda suka tsira, sannan kowa ya rubuta abin da zuciyarsa ta ɗauka. Akwai Boubacar Boris Diop na Senegal, da Tierno Monénembo na Gini, da Monique Ilboudo ta Burkina Faso, da Abdourahman Waberi na Jibuti, da Koulsy Lamko, shi ma ɗan Chadi. Zuwa shekarar 2000 littattafai sun fito, ciki har da Murambi na Diop, wanda har yau ake karantarwa a jami'o'i.

Irin wannan zama, wato zangon masu fasaha, yana da tsari sananne a duniya. Wata cibiya ko wani mai hali ya ware gida, ya kira masu zane, masu sassaƙa, marubuta ko makaɗa, ya ba su wurin kwana da abinci da ɗakin aiki na mako biyu, ko wata guda, wani lokaci har wata uku. A wasu wuraren mutum yana aika samfurin aikinsa a zaɓe shi, a wasu kuma gayyata ce. Ranar ƙarshe akan buɗe ƙofa jama'a su shigo su ga abin da aka yi.

Aikin da aka gama shi ake nuna wa masu ba da kuɗi, amma a ganina babbar ribar tana cikin mutanen da aka haɗa. Mai fasaha yakan ɓoye aikinsa har sai ya kammala, domin ba mai son a ga gurguwar shawararsa. A zango kuwa babu wurin ɓuya. Wanda kuka sha shayi tare da safe shi zai wuce ta gaban allonka da hantsi, ya ga inda launi ya ƙi ka, ya tsaya ya ce, "Malam, da ka rage jan nan." Ranar farko abin yana da ciwo. Kafin mako ya zagayo kai ne za ka je ka kira shi da kanka. Wanda ya ga aikinka yana ɗanye bai raina ka ba, kuka kuma ci a kwano ɗaya, ya wuce matsayin abokin sana'a. Shi ne gobe zai aiko maka da labarin gasa, ya sauke ka a gidansa idan ka je garinsu, ya faɗa maka gaskiya ranar da kowa ke yaba ka.

Koulsy Lamko bai dawo daga Kigali tare da sauran ba. Ya yi shekaru a Ruwanda yana jagorantar cibiyar fasaha ta jami'a a Butare, daga baya ya koma Mekziko ya riƙe gidan Hankili África, inda ake saukar marubutan da zama a ƙasashensu ya gagare su. Baƙon jiya ya zama mai masauki. A 2003 kuma Djedanoum ya kawo Fest'Africa nan Njamena.

Maƙwabtanmu ma suna da nasu misalin. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin fasaha ta Zariya, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa zanen Najeriya ya sha daga rijiyar gida. Zaman makaranta ne ya haɗa su. Bayan shekara 40 Onobrakpeya ya buɗe taron Harmattan a Agbarha-Otor, jihar Delta, inda farfesa da wanda bai taɓa shiga aji ba suke kwana wuri ɗaya suna koyon sassaƙar dutse da buga zane.

To, me ya hana mu? Ana yawan cewa kuɗi, kuma ba ƙarya ba ne. Matashin Njamena da ke son irin wannan dama yakan sa ido ga cibiyar al'adun Faransa ko ga takardar biza, kuma waɗanda suke samu ba su da yawa. Sai dai Mardjandafak, ɗaya daga tsoffin unguwannin birnin, ba baƙuwar saukar baƙi ba ce. Tun garin yana Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973, Hausawa fatake da alhazan da ke tafiya Makka ta ƙasa suna yada zango a birnin nan, wasu har suka zauna. Fatoma, mai saukar irin waɗannan baƙi, ya san aikinsa: ya ba da ɗaki, ya ciyar, ya haɗa baƙo da mutanen gari, ya tsaya masa idan rigima ta tashi. Abin da daraktan kowane zangon fasaha yake yi ke nan.

Muna kuma da harshen Hausa. Mai zane daga Kano da mai zane daga Damagaram, ɗaya da Ingilishi ɗaya da Faransanci, ba sa bukatar tafinta idan suka zauna a zaure ɗaya. Kusuri tana tsallaken gadar Ngeli, Maiduguri kuma ba ta da nisa. Kayan kallo ma ba a rasa ba: a Gawi, ƙauyen Kotoko da ke gefen birni, mata suna gina tukwane suna kuma yi wa bangon gidaje zane da ƙasa mai launi.

Batun mata shi ya fi damuna. Iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta kwana a otal cikin baƙin maza ba, kuma ba na ganin laifinsu. Gidan iyali mai cikin gida, da uwargida da kowa ya san mutuncinta, zai buɗe wa masu zanen lalle, masu saƙa da matan Gawi ƙofar da cibiyoyin zamani suka kasa buɗewa.

Gida ɗaya mai ɗakuna huɗu ya isa a fara, da baƙi shida na mako biyu, cikin watan Disamba ko Janairu kafin zafi ya sauko. Mai unguwa ya san da zaman, attajiri ɗaya ya ɗauki nauyin tukunya, ranar ƙarshe a kira yaran makarantun unguwa su shigo su gani.